Tambaya da Amsa: Wane Wili Ya Dace da Keken Tsere a Hanyoyin Duwatsu?

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga masu keken tsere ne na Bauchi da Gombe, kuma kusan abu ɗaya suke juyawa: wane wili ne mara nauyi da zai sauƙaƙa hawan dutse? Domin mu fahimci juna, idan muka ce wili muna nufin rim da sifok da hob (cibiyar wili) a haɗe, ba taya ba tif. Duk nauyin da za mu ambata kuma na gaba da baya ne tare.

Tambaya daga Bauchi: Assalamu alaikum. Nauyina kilo 70. Duk ƙarshen mako nakan bi hanyar Jos da keke, wani lokaci in juyo daga Nabordo, wani lokaci har Tilden Fulani. Na ɗora wilina a sikeli ya ba ni kilo 1.9. An yi mini tallan na kabon (wani zare mara nauyi da ake haɗewa da gam mai ƙarfi) mai kilo 1.4, kuɗinsa ya kusa na keken gaba ɗaya. Idan na saya, yaya gudun da zan ƙara a hawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kyauta da ka auna kafin ka tambaya, domin da sikeli ake wannan magana. Tsakanin wilinka da wanda ake maka talla giram 500 ne, nauyin ledar fiyawata guda. To haɗa abin da kake kaiwa saman tudu: kai kilo 70, keke kamar kilo 9, ruwa da famfo da kayan faci kilo 1, jimla 80. A hawa mai tsauri, inda gudu ya ragu har iska ta daina tare ka, lokacin da za ka ɓata yana bin wannan jimlar ne kusan daidai wa daida. Rabin kilo cikin 80 kashi 0.6 ne cikin ɗari. Hawan da ke cin ka minti 30 zai ragu da sakan 11, na awa guda da sakan 22. Ta fuskar nauyi, iyakar abin da kuɗin zai saya maka ke nan.

Ga wanda tsere ne abincinsa, sakan 11 ba abin wasa ba ne. A 1989 Greg LeMond na Amurka ya lashe gasar Tour de France da tazarar sakan 8 kacal tsakaninsa da Laurent Fignon na Faransa, bayan mako uku ana fafatawa. Shi ya sa ƙungiyoyin Turai ke bin kowane giram, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Amma su mota na biye da su ɗauke da wilin canji da makaniki. Kai kuwa idan sifok ya tsinke maka a dajin Toro, kai da kekenka ne kawai a bakin titi.

Za ka ji ana cewa giram ɗaya a wili daidai yake da biyu a jikin keke. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, an dai faɗaɗa ta ne. Nauyin da ke can bakin rim yana neman ƙarfi ninki biyu a lokacin da kake ƙara gudu kawai, kamar tashi daga tsaye ko fizgar keke bayan kwana. Da zarar gudu ya daidaita, giram giram ne ko ina yake zaune. Mai wili mara nauyi yakan ji keke na amsa masa da wuri idan ya miƙe a kan feda. Wannan gaskiya ne, kuma akwai daɗi, sai dai agogo ba ya nuna shi sosai. Ka kuma tambayi mai sayarwa inda aka rage nauyin. Sau da yawa a hob ne, ta hanyar sa ƙananan boris, wurin da ragin ba ya ƙara komai ga juyawa amma yake rage wa wili daɗewa.

Sai ita hanyar da kake bi. Bauchi tana kan kimanin mita 600 daga matakin teku, Jos kimanin 1,200. Hawan mita 600 ke nan, amma an shimfiɗa shi a kan fiye da kilomita 120, wato kusan mita biyar a kowace kilomita idan an daidaita. Mafi yawan tafiyar hau-sauka ce, kuma a irin ta abin da ke cin ƙarfinka iska ce da gogar taya da kwalta, ba nauyi ba. Shawararmu, idan har sai ka canja, ka nemi na alminiyom mai kyau tsakanin giram 1,500 da 1,600. Ka samu fiye da rabin ragin da kake nema a kan kuɗin da bai kama ƙafar na kabon ba, sauran kuɗin ka sa a taya da giya.

Tambaya daga Kaltungo: Salam. Ina yawan hawa Tula. Hawan bai dame ni ba, saukowar ce. Idan na iso ƙasa rim ya yi zafin da ba na iya taɓawa. Birkina irin na roba ne mai kama rim. Wani abokina zai sayar mini da wilin kabon na hannu mara nauyi sosai. In karɓa?

Amsa: Malam, kada ka karɓa. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wasiƙun nan, domin ta shafi rai.

Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. A ce kai da keke kilo 85 ne, kuma kun sauko mita 300. Idan birki ne ya riƙe ku tun daga sama har ƙasa, zafin da zai fito ya isa ya tafasa kusan kashi uku cikin huɗu na litar ruwa. A keke mai birkin roba duk wannan zafin cikin rim biyu yake shiga, su kuwa a haɗe ba su cika kai kilo ɗaya ba. Alminiyom yana kwashe zafi da sauri ya raba shi ko'ina a jikin rim, iska ta ɗauke. Kabon ba ya yin haka. Zare ne da aka haɗe da wani irin gam mai ƙarfi, kuma zafin yakan taru ne a daidai layin da roba ke gogawa. Idan ya wuce ƙima gam ɗin sai ya yi laushi. A daidai wannan lokacin iskar da ke cikin tif ma ta yi zafi ta kumbura: tayar da aka ba maki 90 (wato psi, ma'aunin matsin iska) a geji da safe tana iya haura 110 idan iskar cikinta ta kai digiri 100. Bango ya yi laushi, matsi ya ƙaru, sai bakin rim ya buɗe, taya ta fita ko tif ya fashe, kai kana tsakiyar kwana. Sababbin wilin kabon na manyan kamfanoni sun fi na da jure zafi, amma wanda aka kawo maka na hannu ne, ba ka san shekararsa ba, ba ka san irin zafin da ya sha a baya ba. Ka tuna kuma a watan Maris da Afrilu zafin Gombe kan kai digiri 40, kwalta ta fi haka, don haka rim ɗinka da zafinsa yake fara gangara.

Ƙari a kan haka, kabon ba ya kama birki da kyau idan ya jiƙe. Da damina sai wili ya yi juyi biyu ko uku kafin roba ta share ruwa ta fara riƙewa. Yana kuma buƙatar robar birki tasa ta musamman. Robar da ta taɓa aiki a kan alminiyom tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe a jikinta, za ta kankare kabon kamar sanfefa.

Don haka mai birkin roba da ke sauka Tula, ko wanda ke da burin hawa Mambila wata rana, alminiyom ne nasa. Wanda kekensa ke da birkin faifai shi ne ke da damar sa kabon hankali kwance, tunda zafin a faifai yake tsayawa, ba ya zuwa kusa da taya. Shi ma ya sa faifai mai faɗin milimita 160, aƙalla a gaba, ba 140 ba.

Zafin da kake ji a rim ɗinka na yanzu kuma yana nuna kana jan birki ne a hankali ba ƙaƙƙautawa. Wannan ya fi komai tara zafi. Ka riƙa kamawa da ƙarfi na ɗan lokaci kafin ka shiga kwana, ka saki gaba ɗaya, rim ya sha iska, sannan ka sake kamawa. Birkin gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, ka saba da shi, kana tura jikinka baya a kan sirdi. Inda hanya ta miƙe ka ɗago ƙirji, iska ta rage maka gudu kyauta. Idan gangarar ta yi tsawo ka tsaya minti biyu ko uku a tsakiya. Ranar da za ka sauka doguwar gangara kada ka cika taya har iyakar da aka rubuta a gefenta, kuma ka yi amfani da baƙin tif na yau da kullum, domin siraran tif marasa nauyi ba su son zafin rim.

Tambaya daga Gombe: Ina ganin keken 'yan tsere da rim mai zurfi, kamar milimita 60. Ni ta Kumo da Billiri nake bi, wani lokaci Dadin Kowa. Nauyina kilo 58. Zai yi mini?

Amsa: Ƙanenmu, zurfin rim don yanka iska aka yi shi, kuma amfaninsa yana fitowa ne sosai idan gudu ya haura kilomita 30 a awa. A hawan da kake tafiya ƙasa da 15 ba abin da yake ƙara maka sai nauyi. Matsalarsa babba ita ce iskar gefe. Wilin gaba da kan keke a haɗe suke, duk iskar da ta bugi rim a hannunka za ka ji ta. Hanyar Gombe zuwa Yola ba ta rabuwa da tirela da tanka, kuma duk wadda ta wuce ka sai ta tura ka sannan ta jawo ka. Ga iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ga guguwar da ke gaban hadari a farkon damina. Mutum mai kilo 58 ba shi da nauyin da zai danne wannan. Ka tsaya tsakanin milimita 25 da 35. Mai jiki, mai birkin faifai, zai iya kaiwa 45. Idan ka canja zurfi ka tuna da bawul: tsawonsa ya fi zurfin rim da kamar milimita 15 zuwa 20, in ba haka ba famfo ba zai kama ba.

Tambaya daga Dass: Assalamu alaikum. Ni mai jiki ne, kilo 95. Na sayi wili mara nauyi mai sifok 20 a gaba, 24 a baya. Cikin wata huɗu sifok uku sun tsinke a baya, duk ta ɓangaren hagu, kuma duk a wuyansu inda suka shiga hob. Mai gyara yana canjawa, wani yana sake tsinkewa. Mene ne laifin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bayanin da ka yi ya isa a gane ciwon. Sifok ba ya tsinkewa don an ɗaure shi da yawa, yawanci don ya yi sako-sako ne. Duk juyin da wili ya yi, sifok ɗin da ya zo ƙasa yakan ɗan saki saboda nauyinka ya danne rim, idan ya wuce ya sake ɗamewa. In ɗaurinsa ya isa, ba ya sakewa gaba ɗaya, ƙarfen ba ya wahala. In bai isa ba, sai ya riƙa motsi a wuyansa sau ɗaruruwa a kowace kilomita, kamar wayar da ake lanƙwasawa ana miƙewa, har ya karye. Dalilin da ya sa hagu ne kuwa, a wilin baya giyoyi sun cinye wuri a dama, don haka sifok ɗin dama sun fi miƙewa tsaye kuma sun fi ɗauri, na hagu kusan rabin ɗaurinsu kawai suke da shi. Su ne ke fara sakewa. Ƙarancin sifok yana ƙara tsananta abin, tunda kowane ɗaya kaya mai yawa yake ɗauka.

Tunda uku sun tafi, sauran ma sun gaji, canja ɗaya-ɗaya ɓata kuɗi ne. Ko a sake saƙa wilin gaba ɗaya da sababbi, ko kuma, wanda ya fi maka, ka koma mai sifok 28 a gaba da 32 a baya, saƙar da kowane sifok ke haye uku. Ƙarin nauyin sifok 16 bai wuce giram 100 da 'yan kai ba. Ka nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kauri a baki biyu da siririn tsakiya, wato milimita 2.0 da 1.8 da 2.0, irin DT Swiss Competition ko Sapim Race. Abin zai ba ka mamaki, amma mai siririn tsakiya ya fi mai kauri ɗaya daɗewa, domin tsakiyar ce ke miƙewa ta ɗauke wa wuya wahala. Ka zaɓi mai lanƙwasasshen wuya na gargajiya. Miƙaƙƙen sifok na musamman da wasu kamfanoni ke yi wa wilinsu kaɗai, idan ya tsinke sai an yi odarsa daga waje. Notin sifok kuma ya zama na tagulla. Na alminiyom giram 40 kawai zai rage maka a wili biyu, ga shi yana cijewa ya ƙi juyawa bayan damina ɗaya ko biyu.

Wajen ɗauri, a ɗiga mai a zaren kowane sifok, a yi amfani da makullin sifok daidai girman noti, ba filaya ba, a riƙa juyawa kwata-kwata ana zagayawa. Masu gejin ɗauri suna kai ɓangaren dama kimanin kilo 110 zuwa 120. Inda babu geji, a kaɗa kowane sifok da farce kamar tsirkiyar garaya, na ɓangare ɗaya su ba da sauti kusan iri ɗaya. Daga nan a kama su bibbiyu a matse da ƙarfi da hannu a zagaye wilin duka, a sake saitawa. Wannan matsewar ce masu gyara da yawa ke tsallakewa, ita ce kuma ke zaunar da wuyan sifok a mazauninsa.

Abu na ƙarshe, yawancin wili marasa nauyi suna da iyakar kayan da aka yarda su ɗauka, galibi tsakanin kilo 100 da 120, kuma lissafin ya haɗa da kai da keke da duk abin da ka ɗauko. Kai da kekenka kun riga kun kai 105.

Tambaya daga wani mai gyaran keke a Gombe: Ranku ya daɗe. Ana kawo mini wilin gwanjo a ce in ɗaura, wani ya shiga wani ya ƙi. Me zan riƙa dubawa kafin mai keke ya biya kuɗi?

Amsa: Maigida, sannu da aiki. Ka fara da lambar da ke gefen taya ko jikin rim. Keken tsere na zamani 622 ne, wanda ake kira 700C. Akwai biyu da ke kama da shi a ido: 630 na tsofaffin kekunan tsere masu inci 27, da 635 na baƙin keken nan irin Raleigh da Phoenix. Tayar ɗaya ba ta zama a rim ɗin ɗaya, ko an tilasta ta shiga za ta fita.

Sai faɗin hob. Mai birkin roba milimita 100 ne a gaba, 130 a baya. Tsofaffin firam na ƙarfe masu giya shida ko bakwai 126 ne a baya. Mai birkin faifai na farko-farko 135 ne a baya, na yanzu kuwa ƙarfen tsakiya mai kaurin milimita 12 ake zurawa a murɗa cikin firam, faɗinsa 100 a gaba, 142 a baya. Firam ɗin ƙarfe yana haƙurin a ɗan buɗa shi daga 126 zuwa 130. Na alminiyom ko kabon ba a buɗa shi, tsagewa yake yi. Rim ɗin da aka yi don birkin faifai ba shi da layin da roba za ta kama, kada a sa shi a keken birkin roba ko da ya shiga. Shi faifan ma ɗauri biyu ne, mai ƙusa shida da mai zobe ɗaya na kamfanin Shimano.

Wajen giya, jerin haƙoran baya iri biyu ne: ka bambance firiwil da ake murɗawa a zaren hob da kaset da ake zurawa a kulle da zobe. A kaset ma mazaunin Shimano daban, na Campagnolo daban, na SRAM mai giya 12 daban. Mazaunin Shimano na giya 11 yana karɓar kaset mai 8 ko 9 ko 10 idan an sa wasa (siririn zoben ƙarfe) mai kaurin milimita 1.85 a baya. In aka manta da ita kaset zai riƙa kaɗawa, giya ta ƙi zama. Bayan ka ɗaura sabon wili ka sake saita ƙusoshin iyaka na abin canza giya, domin in sarƙa ta faɗa bayan kaset za ta yanki sifok ɗin dama.

Sannan lafiyar wilin kansa. Ɗora rula a bangon rim inda roba ke gogawa. In ya yi rami kamar cokali, ya cinye, kuma bangon da ya gaza milimita ɗaya yana iya tsagewa a ƙarƙashin iska. Duba kewayen kowane ramin sifok da haske, ko ɗan tsagu kamar gashi ya isa a fasa ciniki. Juya wilin ka ga rawarsa, in ta wuce milimita ɗaya a gefe ko yana tsalle sama da ƙasa, ka binciki dalili. Riƙe ƙarfen tsakiya da yatsu ka juya, ka ji ko akwai gurzawa ko girgiza. Hob ɗin Shimano mai 'ya'yan boris a sake ana buɗe shi a wanke a sa giris, mai boris a rufe kuma ka karanta lambarsa, 6902 da 6903 sun fi 6802 da 6803 kauri da jure ƙurar hunturu. In na kabon ne ka ƙwanƙwasa shi da kwabo a zagaye, inda sauti ya mutu ya rabu a ciki. Ka kuma yi hattara da rim mara bango, wanda samansa ɗan kwari ne kawai: na tayar da aka ɗinke da tif a ciki ne, da gam ake manna ta. Shi ya fi kowane rashin nauyi, shi ya sa yake ruɗar mai saye, amma tayarsa tana da wuyar samu a nan, facinta kuma sai an farke ɗinki. Ramin siririn bawul kuma kada a faɗaɗa shi da diril don mai kauri ya shiga, a kunkuntar rim hakan raunana shi yake yi. Ɗan adafta na tagulla da ake murɗawa a kan siririn bawul don famfo ya kama ya wadatar.

Tambaya daga wata uwa a Bauchi: Ɗana yana horon tseren keke, kullum maganarsa sabon wili. Kuɗin da ke hannuna kaɗan ne. Me zan fara saya masa?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya kuma kai shi inda ake so. Ki fara da taya. Tayar araha mai waya a baki takan kai giram 350 zuwa 450. Mai kyau wadda ake naɗewa, faɗin milimita 28, tana tsakanin 240 da 280. A taya biyu an rage giram 250 zuwa 300 ke nan, daga can wajen da'ira, kuma ribar da ta fi wannan ita ce taya mai kyau ba ta cin ƙarfi wajen mirginawa, a hawa da shimfiɗa duka. Wannan bambancin ya fi na sabon wili fitowa a agogo. A duba dai ko 28 za ta wuce ƙarƙashin birkinsa, a bar aƙalla milimita huɗu ta kowane gefe. In ba ta wuce ba, 25. Kada a sayi mafi siririn fata da aka yi don ranar gasa kaɗai, tsidau da ƙayar gefen hanya ba za su bar ta ba.

Iska kuma kyauta ce, amma nan ake yawan kuskure. Taya mai tauri kamar dutse tsalle take yi a kan kwalta mai kaushi, gudu ya ragu, riƙo a kwana ya ragu. Yaro mai kilo 60 zuwa 70 a taya 28, maki 60 zuwa 75 sun ishe shi, gaba ta gaza baya da kamar biyar. A taya 25 ya ƙara goma zuwa sha biyar. Ki saya masa famfon tsaye mai geji. In wata rana ya samu rim na zamani irin wanda bakinsa na ciki ba shi da ƙugiya, ya sani iyakarsa maki 72 ne, kuma tayar tubles (wadda ba a sa mata tif) da aka amince da ita kaɗai yake ɗauka. Injin mai faci yana wuce wannan iyakar cikin ƙiftawar ido.

Na biyu giya. Yawancin kekunan tsere na gwanjo suna zuwa da kaset da babban haƙorinsa 25 ko 28 ne, da farantan feda masu haƙori 53 da 39 a gaba. A dutse wannan yana tilasta yaro ya riƙa taka feda da ƙyar, gwiwa ta sha wahala, ƙarfi ya ƙare kafin rabin hawa. Kaset mai 11 zuwa 32 ko 34, tare da faranti 50 da 34, zai ba shi damar juya ƙafa sau 75 zuwa 85 a minti ko a wuri mai tsauri. Kafin a saya a duba abin canza giya na baya: mai gajeren hannu yawanci a haƙori 28 ko 30 yake tsayawa, 32 da 34 sai mai matsakaicin hannu, kuma sarƙa za ta buƙaci ƙarin tsawo. In kuɗi ya rage, a kai wilin da yake da shi wurin mai gyaran da ya iya ɗaurin sifok, a saita shi, a wanke hob a sa sabon giris, a canja robar birki da wayarta.